Littafin Aikin Hunturu: Tsuntsaye, Itatuwa da Gansakukar Dausayin Haɗeja da Nguru

9 Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe littafin aikin bana. Manufarmu ita ce mu bi dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru tun daga shigowar hunturu har zuwa lokacin da zafin bazara zai kankama, muna rubuta tsuntsayen da muka gani, da itatuwa da ciyayin da suke sauka a kansu, da kuma ƙananan tsirran nan da ake kira gansakuka, waɗanda kusan babu mai waiwayarsu a wannan yanki. Mu uku ne, ni da wasu matasa biyu da suka kammala sakandare. Kayan aikinmu kuma ba su wuce madubin hangen nesa ba, da ɗan gilashin hannu mai ƙara girman abu sau 10, da tsofaffin jaridu don danne ganye, da wayar salula.

Wanda bai san wurin ba yana bukatar ya fahimci yadda ruwan yake tafiya, domin shi ne ke tsara duk abin da za a rubuta a nan. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna gangarowa daga yamma da kudu, sai su iske shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, su rarrabu, su malale, kafin su sake haɗuwa su zama Komadugu Yobe da ke nufar Tafkin Chadi. Wani reshe na Kogin Haɗeja, wato mashigin Marma, shi ne ke kai ruwa Tafkin Nguru. Ambaliyar takan kai ƙarshen cikarta ne a wajen ƙarewar damina, daga nan sai ta shiga ja da baya sannu a hankali har tsawon rani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, faɗin ƙasar da ruwa ke rufewa ya ragu ƙwarai, kuma lokacin zuwansa da tafiyarsa ya sauya. Bana dai ruwa ya yi yawa a Jigawa da Yobe, har ya yi ɓarnar gidaje da gonaki, don haka mun tarar da fadamu cike maƙil.

Mun zaɓi wurare uku da za mu riƙa komawa: gaɓar Tafkin Nguru, da kurmin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, da tafkin Dagona da ke ƙasar Bade. A bakin ruwan da ya fi kusa da mu mun kafa turke, mun yi masa zane-zane, domin mu riƙa auna yadda ruwan ke janyewa. Game da tsuntsaye kuwa, za mu bi tsarin shirin taswirar tsuntsayen Najeriya wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagoranta tun 2015. A tsarin an yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowanne kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma ana son mai lura ya yi aƙalla awa biyu a ciki, ya rubuta nau'o'in bi da bi yadda ya gan su. Mun ƙara wa kanmu sharaɗi ɗaya: ba za a shigar da sunan tsuntsu ba sai mutum biyu a cikinmu sun ga alamar da ta bambanta shi da makamantansa.

23 Nuwamba, 2024

Shamuwa ta riga ta tafi. Sheƙunanta suna nan a kan tsamiya da kuka cikin ƙauyuka, babu kowa a ciki, domin ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa yanzu, kuma ba za a sake ganinta ba sai wajen Afrilu ko Mayu. A daidai lokacin da ta bar mu ne baƙi daga Turai da yammacin Asiya suke cika wurin, bayan sun ratso Bahar Rum da Sahara.

Ruwan ya sauka daga turke da kimanin taƙi ɗaya, wanda ya fito da wani siririn zirin laka a gefen gonakin shinkafar da ake yanka. A kan wannan laka muka shafe mafi yawan safiya, saboda a nan ne wahalar tantancewa take. Tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu duk toka-toka ne a wannan lokaci, sun zubar da adon da suke yi a ƙasashen da suke ƙyanƙyasa. Wanda ya fi yawa shi ne wanda masana ke kira Calidris pugnax, mai ɗan ƙaramin kai da jiki ruƙu-ruƙu, wanda gashin bayansa ke ɗagawa idan iska ta buso. Namijin ya fi macen girma sosai, har mai kallo ya ɗauka nau'i biyu ne a garke ɗaya, kuma launin ƙafarsu ba abin dogaro ba ne, domin akwai mai ruwan lemo, akwai mai kore-kore. Suna bin gonakin da aka girbe suna tsintar shinkafar da ta zube. Kusa da su akwai wasu ƙanana guda uku da ke rikita mai koyo, kuma mun tsayar da hanyar raba su kamar haka. Tringa glareola yana da farar gira mai wuce ido, da ƙafafu masu ɗorawa-ɗorawa, kuma idan ya tashi ƙarƙashin fiffikensa fari-fari ne. Tringa ochropus ya fi shi duhu, ƙarƙashin fiffikensa baƙi ne, kuma ya fi son ƙananan kududdufai inda yake zama shi kaɗai. Na ukun, Actitis hypoleucos, ba ya daina kaɗa gindi, yana da farin tsaga a gaban kafaɗa, yana kuma tashi dab da ruwa da fukafukai a sandare.

'Yan gida suna nan yadda aka san su: balbela a bayan shanu, zalɓe tsaye cikin ruwa, jinjimi yana caccakar taɓo, zakaran ƙeƙuwa kuma yana tona mana asiri da kururuwa duk inda muka matsa. Da hantsi garken kirinjijiya ya wuce ta kanmu da fito irin nasu.

A hanyar komawa mun tsaya a wata gona mai gawo da yawa. Duk sauran itatuwa suna shirin kaɗe ganye, shi kuwa gawo yanzu ne ya yi sabon ganye shar, ya kuma fitar da huda mai launin madara. Manomi ya san amfanin wannan ɗabi'a, tun da itacen ba ya yi wa gero inuwa da damina, ga kuma takin da yake zubarwa. Abin da muke so mu bibiya shi ne amfaninsa ga ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari.

7 Disamba, 2024

Wannan makon na gansakuka ne. Abin da jama'a ke haɗawa a ƙarƙashin wannan suna ya kasu aƙalla gida uku, kuma sai an raba su kafin a rubuta komai. Akwai kore mai santsi da yauƙi da ke yawo cikin ruwa zare-zare, wanda ba shi da ganye ko kara. Akwai ƙananan tsirrai masu yawo a saman ruwa, irin su Azolla, wadda dangin tsirran nan ne marasa fure masu ganye tsaga-tsaga, kuma takan rikiɗe ta yi ja idan sanyi da rana suka dame ta. Sai kuma ta ukun, wadda ita ce muke nema, wato mai shimfiɗa a jikin bango ko ƙasa ko ɓawon itace, wadda idan aka sa mata gilashi za a ga tana da ɗan kara da ganyayyaki sosai.

Wannan ta ukun tana da nau'i kimanin 12,000 a duniya, amma rabonmu a ƙasa mai rairayi da dogon rani kaɗan ne. A ƙasashen Turai lokacin sanyi ne ake fita nemanta, saboda danshi ya wadata kuma ciyawa ta kwanta. A nan lamarin akasin haka ne, domin iskar hunturu tana busar da komai, sai dai mutum ya bi wuraren da ruwa ba ya yankewa. Mun same ta a bakin wata tsohuwar rijiya ta siminti, ta gefen da rana ba ta bugawa, da gindin bangon wani masallaci inda ruwan alwala ke gangarawa, da kuma ƙarƙashin mazaunin randa a wani gida da aka ba mu izinin shiga.

Ta bakin rijiyar ta bushe ta yi baƙi-baƙi, har ɗaya daga cikin matasan ya ce ta mutu. Muka ɗiga mata ruwa, kuma kafin mu gama rubuta wurin da kwanan wata ganyayyakin da suka nannaɗe sun buɗe sun yi kore. Dalilin haka shi ne ba ta da saiwa ta gaskiya ko jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa sama irin na manyan tsirrai. Wasu siraran zaruruwa ne kawai ke manne ta da bango, ganyenta kuma a mafi yawan nau'o'i kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne, don haka ta ko'ina take shan ruwa, ta ko'ina kuma take rasa shi, kuma tana iya dakatar da rayuwarta watanni har danshi ya dawo. Yadda gefen ganyen ke naɗewa ciki idan ya bushe, da kuma son siminti da take yi, sun sa muna kyautata zaton dangin Hyophila ce. Ta gindin masallacin daban take: ganyayyakinta a jere suke sahu biyu, dama da hagu, a shimfiɗe, wanda alama ce ta dangin Fissidens. A kan wasu mun ga siririn kara ɗauke da ɗan ƙoƙo a samansa, inda ƙwayoyin irinta suke, waɗanda iska ke kwasa idan murfin ya faɗi.

Iyakar abin da gilashin hannu zai bayar ke nan. Sanin ainihin nau'i yana bukatar a duba ƙwayoyin ganyen da madubin ɗakin gwaji, saboda haka mun kankaro kaɗan daga kowacce, mun sa a ambulan ɗin takarda, ba leda ba, don kada ta ruɓe, mun rubuta wuri da irin abin da take manne a kai. A littafi dangi kawai muka rubuta, muka bar gurbin nau'i a buɗe.

15 Disamba, 2024

Hazo ya sauka sosai, har ba a iya ganin ɗaya gaɓar tafkin. Ƙurar nan mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi iskar arewa maso gabas ke ɗauko ta, kuma idan ta yi kauri haka madubin hangen nesa ba ya ƙara komai sai fari. Launuka duk sun dushe, saboda haka ba mu shigar da wani sabon tsuntsu ba. Mun yi amfani da ranar wajen sauya jaridun da muka danne ganye a ciki da kuma kwafe bayanan makonnin baya. Ruwa ya ƙara sauka, turken ya kusa fita tudu, kuma manoma sun fara bin sawun ruwan suna shuka wake a danshin da ya bari.

28 Disamba, 2024

Mun kwana kusa da Baturiya domin mu shiga kurmin da sassafe. An sanya wannan wuri cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, shekarar da aka sanya Dagona, bayan Tafkin Nguru da mashigin Marma da suka zama na farko a Najeriya a 2000. Jaura ta yi tsanani da asuba, har tsuntsaye ba su fara motsi ba sai da rana ta ɗan ɗaga.

Itatuwan a nan suna bin zurfin ruwa daki-daki. A inda ruwa ke daɗewa bagaruwa ce da giyayya, kuma har yanzu ana ganin zanen laka a jikinsu wanda ke nuna inda ambaliya ta kai. Sama kaɗan akwai kanya da tsamiya da goriba, sai a kan tudu a sami aduwa da magarya da kurna da sabara da kalgo. Mun lura cewa goriba babba mai rassa ta yi ƙaranci, abin da ya fi yawa shi ne kaba a ƙasa, wadda ake yanka don tabarma da igiya kafin ta samu damar miƙewa. Kututturan bagaruwar da aka sare don itacen girki da bandar kifi su ma ba su ɓuya ba.

Hanyar da muka bi ita ce mu zauna gindin itace ɗaya na ɗan lokaci, mu rubuta duk abin da ya motsa a cikinsa, sa'an nan mu koma wani iri. Bambancin ya fito fili. Gawo da bagaruwa da aduwa cike suke da ƙananan baƙi masu cin ƙwari, suna bin reshe-reshe suna tsintar tsutsa, darbejiya kuwa, duk da duhun ganyenta da sanyin inuwarta, kusan babu kowa a cikinta sai kurciya da ta zo hutawa. Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike daga Holand suka samu bayan sun bi itatuwa a faɗin Sahel, wato cewa baƙin tsuntsaye suna taruwa ne a 'yan nau'o'in itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya. A ganina wannan batu ne da ya kamata masu rabon dashen itatuwa su sani, domin darbejiya da turare ba za su maye gurbin gawo ba, ko ga tsuntsu ko ga akuyar da ke jiran 'ya'yansa.

Cikin waɗanda muka tabbatar akwai ɗan tsuntsun nan mai farin maƙogwaro da jan-ƙasa a fiffike, Curruca communis. Tarihinsa ya shafe mu kai tsaye. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu bai komo ba, kuma da aka bi sawu sai aka gano cewa ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968 ne sanadi, wato farkon farin nan da ya kai ga yunwar shekarun 1970. Tsuntsun ya nuna alamar masifar tun kafin duniya ta farga da halin da mutane da dabbobi ke shiga.

A kan wata bagaruwa mun sami kauci ya yi fure ja, sha-kauci kuma yana ta kai-komo a kansa. Furen a rufe yake har sai tsuntsun ya taɓa shi da baki, sa'an nan ya tsage ya watsa masa garin fure a goshi. Mun danne reshe ɗaya tare da ganyen itacen da ya hau, domin sanin uwar ɗakinsa yana taimakawa wajen tantance shi.

12 Janairu, 2025

A tsakiyar Janairu ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma an zaɓi wannan lokaci ne saboda tsuntsaye sun zauna wuri ɗaya, ba sa cikin tafiya. Mu ma mun daidaita fitarmu da shi, muka ɗauki hayar kwalekwale a Tafkin Nguru. Mai tuƙin dattijo ne masunci, kuma tun kafin mu tashi ya ce, “Malam, in agwagin baƙi kuke nema, sai mun fita daga cikin kacala tukuna.” Na ce masa, “To Baba, kai ne gaba, mu muna biye.”

Mun daɗe muna ratsa kacalar. Wannan ciyawa, Typha domingensis, takan fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, kuma ta toshe magudanan ruwa da dama a yankin. Abin da ya ba ta dama shi ne sauyin da madatsu suka kawo. A da ruwa yakan zo da ƙarfi ya tafi, ƙasa ta bushe ƙayau da rani, kacala kuwa ba ta jure wannan bushewa. Yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wasu wurare ba sa bushewa sam, laka tana taruwa, ita kuma tana bazuwa ta saiwa da ta iri. Sakamakon shi ne wani gefe ya nutse, wani gefe ruwa ba ya kai masa, gonaki da wuraren kamun kifi da na kiwo duk sun ragu. Ta kuma zama makwancin jan-baki, wanda ke fitowa dubbai ya auka wa shinkafa da alkama. Ba za a ce babu rai a cikinta ba, domin mun ji ƙananan tsuntsayen ciyawa suna kuka, mun kuma ga kazar ruwa tana ɓuya, amma idan aka kwatanta da buɗaɗɗen ruwa mai bado, tazarar tana da yawa.

Da muka fita fili sai ga abin da muka zo nema. Garkunan agwagwar nan ƙarama, Spatula querquedula, sun rufe wani sashe na ruwan, tare da kirinjijiya da 'yan tsirarun dinya a gefe. Ita wannan agwagwa kusan dukkanta takan bar Turai da sanyi, kuma dausayoyin Sahel, daga kwarin Kogin Senegal zuwa fadamar Neja ta Mali zuwa Tafkin Chadi, su ne manyan masaukanta. Idan garken ya tashi ana gane mazan da shuɗi-shuɗin toka a gaban fiffike. A cikinsu akwai Anas acuta mai dogon wuya da tsinin wutsiya, wadda ta fi su girma. Yadda ake ƙidaya irin wannan taro shi ne a ƙirga goma, a ga faɗin da suka ci, a riƙa aunawa da shi har ɗari, sa'an nan a auna sauran da ɗari-ɗari. Kowannenmu ya yi nasa a ɓoye, muka kwatanta, kuma inda tazara ta yi yawa muka ɗauki adadi mafi ƙanƙanta.

A cikin bado mun ga 'yar ƙaramar dinyar nan mai kore a gefen kai, Nettapus auritus, wadda 'ya'yan bado ne abincinta, da kuma mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganye. A saman kacala wani shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa da fukafukai a ɗage, jikinsa ruwan ƙasa mai duhu, kansa kuma fari-fari, wato macen Circus aeruginosus, ita ma baƙuwa ce. Duk lokacin da ta gifta sai agwagin su tashi, mu kuma mu sake ƙidaya daga farko.

Na tambayi dattijon ko yana ganin gauraka. Ya ce yana yaro garke-garke suke sauka bayan girbi, amma ya manta rabon da ya ji kukansu. Mu ma ba mu gan ta ba, kuma ungulu, wadda a 2015 aka sanya cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, ba mu rubuta ta ko sau ɗaya ba tun da muka fara, har a mahautar da muka leƙa. Mun buɗe shafi na musamman don waɗanda ake sa ran gani amma ba a gani ba.

2 Fabrairu, 2025

Yau ce ranar dausayoyi ta duniya, don tunawa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, kuma mun yi ta a Dagona, wanda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, tare da rakiyar ma'aikacin gandun. Kududdufan da ke kewaye sun ƙafe, saboda haka tsuntsayen da a Nuwamba suke warwatse cikin gonaki yanzu sun matsu a sauran ruwan da ya rage. Mai zuwa yau kaɗai zai ɗauka sun ƙaru, alhali wurin zamansu ne ya ƙuntata, kuma wannan ne ya sa ba ma rubuta adadi ba tare da rubuta matsayin ruwa a gefensa ba.

Lakar da ruwa ya bari ta ba mu abin da ba mu samu a bango ba. Kafin ta tsattsage, wasu ƙananan da'irori kore sun fito a kanta, kowacce ba ta fi kwabo faɗi ba, a manne da ƙasa, da rassa masu rabuwa biyu-biyu, babu kara babu ganye. Waɗannan dangin Riccia ne, 'yan uwan gansakuka na kusa, kuma rayuwarsu gajera ce: suna tsirowa a danshi, su yi iri a cikin jikinsu, su ruɓe, irin ya zauna cikin busasshiyar ƙasa har ambaliya ta gaba. Inda shanu suka riga mu sauka kuwa duk an tattake su. Mun yanko laka da wuƙa tare da su, muka shanya a inuwa.

Garkunan Fulani sun iso fadama sosai, suna kiwon burugu da roba. A tsakanin ƙafafun shanun akwai ɗan tsuntsun nan mai ɗorawar ciki da kaɗa wutsiya, Motacilla flava, yana cafke ƙwarin da kofato ke tayarwa, carki kuma yana bisa doronsu.

22 Fabrairu, 2025

Sanyi ya karye, turkenmu ya daɗe a tudu, har mun kafa wani can ciki. 'Ya'yan gawo sun nuna suna zuba, awaki suna kwana a gindinsa, ɗorawa kuma ta fara fitar da tutu.

Baƙin sun shiga sauya gashi, wanda ya sauƙaƙa abin da ya gagara a baya. Mazan Spatula querquedula sun fito da farar gira mai faɗi da ta lanƙwasa har ƙeya, ana gane su daga nesa. Mazan Motacilla flava su ma sun nuna kawunansu, kuma launin kan yana faɗin inda kowanne zai nufa: mai shuɗin toka da farar gira na tsakiyar Turai ne, mai toka mai duhu marar gira na can arewa ne wajen Sikandinebiya da Rasha, mai baƙin kai ƙirin kuma na yankin Balkan da Turkiyya ne. Mun ga iri biyu na farko tabbas. Mata da ƙanana mun bar su a sunan nau'i kawai. Haka muka yi da shirwa, domin ta gida bakinta ɗorawa ne, ta Turai bakinta baƙi, amma 'ya'yan ta gida su ma bakinsu baƙi ne, don haka duk wadda ba mu ga sauran alamunta ba ba mu raba ta ba.

A gonakin geron da aka share akwai wani ɗan ƙaramin baƙon tsuntsu, Oenanthe oenanthe, yana tsayawa a kan hoge, idan ya tashi sai a ga farin gindi da baƙin zane a ƙarshen wutsiya. Nauyinsa kimanin giram 25 ne, amma na'urorin da aka ɗaura wa irinsa sun nuna cewa waɗanda ke ƙyanƙyasa a Alaska suna yin tafiyar kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka, na gabashin Kanada kuma suna ƙetare Tekun Atilantika su sauka a yammacin Afirka. Daga yanzu zuwa Afrilu aikin waɗannan tsuntsaye shi ne tara kitsen da zai ƙetar da su Sahara, kuma a nan, cikin sauran ruwa da itatuwan da suka rage, za su same shi.

Azumi yana gab da kamawa, saboda haka za mu mayar da fita zuwa bayan sallar asuba, mu dawo kafin rana ta take. Abin da ke gabanmu shi ne mu riƙa rubuta ranar ƙarshe da muka ga kowane baƙo, mu kai ambulan ɗin gansakuka da ganyen da muka danne ɗakin adana tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya domin a duba su da madubi, mu kuma tura jerin kowane murabba'i ga shirin taswira. Rijiyar nan ta siminti za mu ci gaba da leƙa ta har ruwan farko ya sauka, domin mu ga lokacin da gansakukarta za ta fitar da sabon iri.